Tumbi: alamar wadata da ta zama abin damuwa ga likitoci

A watan Janairun shekara ta 2025 wani kwamitin ƙwararru fiye da 50 daga ƙasashe daban-daban ya wallafa rahoto a ɗaya daga cikin mujallun kiwon lafiya na Lancet da ke Birtaniya, inda ya buƙaci likitoci su sauya yadda suke tantance ƙiba. Kwamitin, wanda Farfesa Francesco Rubino na Kwalejin King's da ke London ya jagoranta, ya ce ma'aunin BMI da aka daɗe ana amfani da shi, wanda ke gwada nauyin mutum da tsawonsa, bai wadatar ba shi kaɗai. A cewarsa wajibi ne a riƙa haɗawa da awon ƙugu, domin wurin da kitse ya taru a jiki yana da muhimmanci kamar yawan kitsen kansa.

Wannan shawara ta zo ne a daidai lokacin da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ke nuna cewa a shekara ta 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba, wato mutane sama da biliyan ɗaya ke nan. Adadin manya masu wannan matsala ya ninka fiye da sau biyu tun daga shekara ta 1990, na matasa kuwa ya ninka har sau huɗu.

A da ana ɗaukar lamarin a matsayin ciwon ƙasashe masu arziki irin su Amurka da Ingila. To amma a halin da ake ciki ya riga ya shigo biranen Afirka, ciki har da na ƙasar Hausa, inda ya tarar da wata tsohuwar fahimta da ke kallon tumbi da idon sha'awa.

Gaba kura, baya sayaki

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu da aka gudanar a Najeriya a shekara ta 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. A shekara ta 2008 adadin kashi 22 ne cikin ɗari. A birane ya kai kashi 36, yayin da a karkara yake kashi 21.

Binciken dai shi ne kuma ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran ƙasar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma a yankin arewa maso yamma fiye da rabin yaran ne ke cikin wannan hali. Ke nan ƙasa ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya, na fama da tamowa da ƙiba a lokaci guda, kuma asibitocin da ba su gama da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda ba, su ne ake sa ran za su ɗauki nauyin masu ciwon sukari da hawan jini, cututtukan da akan yi jinyarsu har iyakar rayuwa.

Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2021 manya miliyan 24 ne ke ɗauke da cutar a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da ita ba. Ƙungiyar ta yi hasashen adadin zai kai miliyan 55 nan da shekara ta 2045.

Yadda aka wayi gari a haka

Ba a banza Bahaushe ya ɗauki ƙiba alamar hutu ba. A al'ummar da ta sha ganin fari da yunwa, irin waɗanda suka afka wa yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980, wanda ya ajiye teɓa ya nuna cewa ya fi ƙarfin abin da zai ci. Idan aka ce wane ya murje, ko amarya ta yi ɓulɓul a ɗakinta, yabo ne gare su da kuma masu ciyar da su. Rama kuwa takan jawo tambaya ko lafiya, kuma tun bayan ɓullar cutar ƙanjamau wannan zargi ya ƙara tsananta.

Sai dai rayuwar da ta haifar da wannan fahimta ta sauya. Manomin da ke yini yana huɗa da noma, da matar da ke daka da surfe da ɗebo ruwa, suna ƙone duk abin da suka ci. Jikokinsu a Kano ko Kaduna ko Maraɗi kan tashi daga gida su hau babur ko a-daidaita-sahu, su yini zaune a shago ko ofis, da dare kuma su zauna a majalisa ko gaban talabijin. WHO ta ce a shekara ta 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ake buƙata.

Akushi ma ya sauya. Tuwon dawa da na gero, da dambu, da fate, sun ja baya a gidaje da dama na birni, farar shinkafa da taliya da burodi da soye-soye suka maye gurbinsu. Teburin mai shayi na ba da kofi mai cokula da yawa na sukari da madarar gwangwani, lemon kwalba kuma ya zama abin tarbar baƙo da abin rabo a wajen biki da suna. Ko zoɓo da kunun aya da fura, waɗanda asalinsu ba su da illa, sukarin da ake zuba musu yanzu ya kusa mayar da su sahun lemon kwalba.

Tsadar rayuwa ba ta kawo sauƙi ba. Bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekara ta 2024. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, nama da kifi da ƙwai da 'ya'yan itatuwa ne ke fara ɓacewa daga cefane, a bar abin da zai cika ciki da arha, wato tsaba da mai. Wannan ne ya sa ake iya samun ƙiba ko a gidan da ba shi da wadata.

Abin da ya sa kitsen ciki ya bambanta

Tun a shekara ta 1947 wani likita Bafaranshe a birnin Marseille, Jean Vague, ya lura cewa masu tara kitse a ciki sun fi masu tara shi a cinya da ɗuwawu kamuwa da ciwon sukari da na zuciya. An ɗauki shekaru kafin a ba maganarsa muhimmanci. A shekara ta 2005 wani babban bincike da ya shafi mutane kimanin 27,000 a ƙasashe 52, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Salim Yusuf na Jami'ar McMaster da ke Kanada, ya nuna cewa gwada faɗin ƙugu da na kwankwaso ya fi ma'aunin BMI nuna wanda ke cikin haɗarin bugun zuciya.

Dalili kuwa shi ne kitsen ciki iri biyu ne. Akwai wanda ke ƙarƙashin fata, wanda mutum zai iya kamawa da yatsunsa. Akwai kuma na can ciki, wanda ke lulluɓe hanji da sauran kayan ciki. Wannan na biyun shi ne ya fi haɗari, domin yana sakin maiƙo da wasu sinadarai masu haddasa kumburi cikin jijiyar jinin da ke wucewa kai tsaye zuwa hanta. Sakamakon haka hanta takan tara kitse, jiki ya daina jin sinadarin insulin yadda ya kamata, sukari ya taru a jini, hawan jini kuma ya biyo baya.

Maza sun fi tara irin wannan kitse, amma mata ma kan fara tara shi bayan sun daina al'ada. Kazalika mutum na iya zama siriri a hannu da ƙafa, sikeli ya nuna nauyinsa daidai, alhali yana ɗauke da kitse mai yawa a ciki.

Awon ba ya buƙatar asibiti. WHO ta ce haɗari na farawa ne idan ƙugun namiji ya wuce santimita 94, na mace kuma santimita 80, yana kuma tsananta daga santimita 102 ga namiji da 88 ga mace. A shekara ta 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, NICE, ta ba da wata ƙa'ida mafi sauƙi: kada faɗin ƙugun mutum ya kai rabin tsawonsa. Mai tsawon santimita 170, alal misali, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Wanda ba shi da tef ɗin tela zai iya auna tsawonsa da igiya, ya ninka ta biyu, ya zagaya ta a cikinsa tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, ya ga ko bakinta zai haɗu.

Likitoci na jan hankali cewa akwai girman cikin da ba na kitse ba. Ƙari a mahaifa, ko taruwar ruwa sakamakon ciwon hanta, na iya kumbura ciki, don haka cikin da ya girma farat ɗaya, ko yake tare da ciwo ko rama, na buƙatar ganin likita tun kafin a yi batun motsa jiki.

Kasuwar rage tumbi

A ɗaya ɓangaren kuma, kafofin sada zumunta irin su TikTok da Instagram sun kawo wa matasa wani sabon ma'aunin kyau, wato shafaffen ciki mai tsoka gida-gida irin na 'yan ƙwallo da 'yan dambe. Gidajen motsa jiki sun yawaita a manyan birane, tare da su kuma kasuwar ɗamarar matse ciki, da shayin rage tumbi, da mayukan shafawa, da bidiyon da ke alƙawarin narkar da teɓa cikin mako biyu.

Akasarin waɗannan alƙawura sun dogara ne kan zaton cewa idan aka wahalar da tsokar wani sashe na jiki, kitsen da ke kanta ne zai narke. Masana sun gwada wannan zato fiye da sau ɗaya. A shekara ta 1984 masu bincike a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka sun sa wasu maza yin atisayen kwanciya da tashi sama da sau 5,000 cikin kwana 27, amma kitsen cikinsu bai ragu fiye da na bayansu ko na ɗuwawunsu ba. A shekara ta 2011 wani binciken a jihar Illinois ya sa mutane yin atisayen ciki iri bakwai, kwana biyar a mako har tsawon mako shida. Tsokar cikinsu ta ƙara juriya, amma kitsen yana nan yadda yake.

Abin da ke faruwa shi ne idan jiki ya buƙaci makamashi yakan ɗebo kitse daga ko'ina ta hanyar jini, kuma gado da jinsi ne ke tsara inda zai fara raguwa. Ɗamara kuwa gumi kawai take fitarwa, nauyin ya dawo da zarar an sha ruwa. Da yawa daga cikin shayin rage ƙiba na ƙunshe da ganyen filasko ko makamantansa masu sa gudawa, abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kayayyaki, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun shekara ta 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Abin mamaki shi ne a kasuwa ɗaya ake sayar da akasin haka. Wasu mata na shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda galibi ke ƙunshe da dexamethasone ko magungunan buɗe ciki. Shan dexamethasone na tsawon lokaci ba tare da umarnin likita ba yakan tara kitse a fuska da ciki, ya raunana tsoka da ƙashi, ya kuma jawo ciwon sukari da hawan jini.

Abin da bincike ya tabbatar

Masana abinci sun yi ittifaƙi cewa kitse na raguwa ne idan makamashin da jiki ke ƙonewa ya ɗara wanda ke shiga ta baki, kuma a wannan lissafi abinci ya fi motsa jiki tasiri. Tafiyar sauri ta rabin sa'a na ƙone kalori kimanin 150 ga mai matsakaicin nauyi. Kwalbar lemo mai rabin lita kuwa na ɗauke da kalori kimanin 200 da sukari wajen giram 50, wanda shi ne iyakar abin da ƙa'idar WHO ta shekara ta 2015 ta amince babba ya sha a yini guda, kimanin ƙaramin cokali 12. Hukumar ta ce rage shi zuwa cokali shida ya fi alheri. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kuma na da kalori kusan 120.

Ke nan gyaran yana farawa ne daga abin sha, sannan girman malmala da yawan man miya. Abin da likitoci ke ba da shawarar a ci bai yi nisa da abin da aka gada ba: gero da dawa da acca waɗanda ba a cire musu dusa duka ba, wake, gyaɗa daidai gwargwado, ƙwai da kifi da nono marar sukari, da ganyaye irin su zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kuka da kuɓewa. Wake da ganye na daɗewa a ciki, suna kuma hana sukarin jini tashi farat ɗaya. Malamai kan tunatar da koyarwar Musulunci ta barin wa ruwa da numfashi gurbinsu a ciki, kuma a nan bakinsu ya zo ɗaya da na likitoci. Nazarce-nazarcen da aka yi kan masu azumin Ramadan sun nuna cewa akan rage kimanin kilo ɗaya a watan, amma yawanci yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla, abin da ke nuna cewa ɗorewa ita ce ginshiƙin lamarin.

Dangane da motsa jiki, ƙa'idar WHO ta shekara ta 2020 ta buƙaci babba ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, kamar tafiyar sauri ko tuƙa keke, ko kuma minti 75 zuwa 150 na mai tsanani kamar gudu ko ƙwallo, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wani abin ƙarfafa gwiwa shi ne kitsen can ciki ya fi na ƙarƙashin fata saurin amsa motsa jiki, har yakan ragu ko da sikeli bai nuna sauyi ba. Ƙarancin barci da yawan damuwa kuma na daga cikin abubuwan da aka danganta da taruwarsa.

Ba a buƙatar rama mai yawa kafin a ga amfani. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa sakamakonsa a shekara ta 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka ɗora kan shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai nauyin kilo 90, ragin bai wuce kilo shida da ɗoriya ba.

Ita kuwa tsokar ciki mai gida-gida, kowa yana da ita, kitse ne ke rufe ta. Atisaye na ƙara mata kauri da ƙarfi, yana kuma taimaka wa baya, amma ba ta bayyana sai kitsen jikin namiji ya sauka zuwa wajen kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, matakin da ke da wuyar riƙewa ga wanda ba ɗan wasa ba. Yawan gidajen da fasalinsu ma gado ne. Ga mata, matsa wa kai har kitse ya yi ƙasa sosai na iya ɗauke al'ada ya raunana ƙashi. Mai jego kuma, wadda tsokar cikinta ta buɗe saboda goyon ciki, na buƙatar shawarar ma'aikacin lafiya kafin ta fara atisayen kwanciya da tashi.

Allura da haraji

Sabbin alluran rage ƙiba sun sauya muhawarar a ƙasashe masu arziki. Maganin semaglutide na kamfanin Novo Nordisk da ke Denmark, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic don ciwon sukari da Wegovy don ƙiba, ya rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyin waɗanda aka gwada shi a kansu cikin mako 68. To sai dai waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin cikin shekara guda. Lokacin da Wegovy ya fito a Amurka a shekara ta 2021 farashinsa ya haura dala 1,000 a wata, yayin da mafi ƙarancin albashin da Najeriya ta amince da shi a shekara ta 2024 ya tsaya a naira 70,000. A watan Yunin 2024 kuma WHO ta yi gargaɗi game da jabun allurar da aka gano a Brazil da Birtaniya da Amurka.

Wannan ne ya sa masu fafutukar kare lafiyar jama'a ke cewa rigakafi ne ya fi dacewa da aljihun Afirka. Mexico ta sanya haraji kan lemon kwalba a shekara ta 2014, Afirka ta Kudu da Birtaniya suka bi sahu a 2018, kuma a Birtaniya harajin ya sa kamfanoni da dama rage sukarin da suke zubawa. Najeriya ta fara karɓar naira 10 a kan kowace lita a shekara ta 2022, wato naira biyar a kan kwalbar rabin lita da ake sayarwa ɗaruruwan naira, abin da ya yi nisa da shawarar WHO ta a ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. Masu masana'antu na cewa ƙarin haraji zai jawo asarar ayyukan yi a lokacin da jama'a ke cikin ƙunci, su kuwa ƙungiyoyin lafiya na cewa kuɗin jinyar ciwon sukari da wankin ƙoda ya fi ƙarfin yawancin iyalai.

Haraji kaɗai ba zai wadatar ba. Yawancin titunan biranen arewacin Najeriya ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, filayen wasa da dama a unguwanni da makarantu sun zama shaguna, zafin bazara kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, mata kuma na da ƙarancin wuraren da za su motsa jiki cikin sutura da natsuwa. Waɗannan batutuwa ne da ke hannun gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da shugabannin al'umma, kamar yadda sanya awon ƙugu da gwajin sukari cikin ayyukan ƙananan asibitoci yake hannun ma'aikatun lafiya.

Masu lura da al'amuran kiwon lafiya na ganin cewa babban aikin shi ne sauya yadda jama'a ke fassara abin da suke gani. Muddin ana yi wa mai tumbi barka da samun hutu, wanda ya rage kuma ana tambayarsa abin da ke damunsa, to da wuya magidanci mai shekara 45 ya ɗauki igiya ya auna ƙugunsa, balle ya nemi a gwada masa sukari da hawan jini tun cutar ba ta kai shi kwance ba.